Yadda ake zaɓen sifar Turanci ga abin da ya saɓa wa hankali ko ya zo baƙo

Duk wanda ya taɓa zama domin rubuta wasiƙar koke, ko rahoton aiki, ko insha'in jarrabawa da Turanci, ya san lokacin da alƙalami ke tsayawa saboda akwai abin da bai kwanta masa a rai ba, kuma yana neman kalma ɗaya da za ta faɗi hakan. Idan ya buɗe ƙamus na kalmomi masu kusancin ma'ana, sai ya tarar da dogon jeri: "absurd", "ridiculous", "ludicrous", "preposterous", "unreasonable", "irrational", "strange", "odd", "peculiar", "weird", "bizarre", da sauransu. Irin wannan jeri yana taimakon wanda ya riga ya san harshen ya tuno kalmar da ta kuɓuce masa, kuma don haka ne Peter Mark Roget ya tsara shahararren littafinsa na tara kalmomi a 1852. Amma jerin ba ya gaya wa mai koyo wacce zai ɗauka. Kanwa da gishiri duk a tukunya ake sa su, kuma a kwano ɗaya ake ajiye su a ɗakin girki, amma wanda ya musanya su ya ɓata miya.

Abin da ya sa waɗannan sifofi ke da wuyar sha'ani shi ne kowacce tana ɗauke da abu biyu a lokaci guda: bayanin abin da ake magana a kansa, da kuma hukuncin mai magana, wato ko abin ya ba shi mamaki ne, ko dariya, ko haushi, ko tsoro. Saboda haka zaɓen kalma yana farawa ne daga sanin ainihin abin da ya dame ka game da lamarin, kuma matakan da ke tafe duk a kan wannan aka gina su.

Mataki na farko: tantance ko laifi kake gani ko baƙunta

Ka fara da raba kalmomin gida biyu. Gida na farko na abin da ya saɓa wa hankali ko adalci ne, gida na biyu kuwa na abin da ya saɓa wa abin da aka saba gani. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ka tambayi kanka ko za ka iya kawo hujjar da ke nuna cewa abin kuskure ne. Idan makaranta ta sanar da yamma cewa kowane ɗalibi ya biya kuɗin jarrabawa kafin ƙarfe 8 na safiyar gobe, akwai hujja a kan hakan, domin iyaye da yawa ba za su iya haɗa kuɗin cikin dare ɗaya ba, don haka lamarin na gida na farko ne. Idan kuwa wani ya zo ɗaurin aure da babbar riga da hula amma da takalmin buga ƙwallo a ƙafarsa, bai zalunci kowa ba kuma bai karya wata hujja ba, ido ne kawai bai saba da shi ba, don haka na gida na biyu ne. Na farko "unreasonable" ne, na biyu "odd" ko "strange". Da yawa daga cikin kurakuran da ake yi suna ƙarewa a nan, domin mai koyo yakan rubuta "strange" alhali yana nufin an yi masa rashin adalci, sai mai karatu ya ɗauka mamaki kawai yake yi, kokensa ya tashi a banza.

Mataki na biyu: idan laifi ne, ka duba ko da sanyin rai za ka faɗe shi ko da zafi

Gida na farko shi ne ya fi buƙatar natsuwa, domin a cikinsa ne kalma ɗaya ke iya mayar da koke mai ma'ana ya zama zagi. Akwai kalmomi uku masu sanyi da ke yanke hukunci ba tare da raini ba: "unreasonable", "illogical" da "irrational".

"Unreasonable" tana nufin abin ya wuce iyakar da mai adalci zai yarda da ita. Ta fi tafiya da buƙata, farashi, wa'adi, jinkiri, lokacin aiki da abin da ake sa ran mutum ya yi, kamar a ce "an unreasonable demand" ko "an unreasonable delay". Kalma ce mai nauyi a shari'ar da Najeriya da Ghana suka gada daga Ingila. A 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke hukunci a ƙarar da wani kamfanin gidajen silima ya shigar a kan hukumar garin Wednesbury, wadda ta ba shi izinin buɗewa ranar Lahadi bisa sharaɗin kada a shigar da yaro ɗan ƙasa da shekara 15. Kamfanin ya ce sharaɗin ya wuce gona da iri, amma alƙalin kotun, Lord Greene, ya bayyana cewa kotu ba za ta rushe shawarar hukuma a kan wannan dalili ba sai in shawarar ta kai matsayin da babu wata hukuma mai hankali da za ta yanke irinta, kuma kamfanin bai yi nasara ba. Har yau ɗaliban shari'a suna karanta wannan ma'auni da sunan garin. Darasin da ke ciki ga mai rubutu shi ne kalmar tana jiran hujja a bayanta, don haka duk inda ka sa ta, ka shirya faɗin abin da ya sa ka ce haka.

"Illogical" ta fi ƙunci. Tana magana ne a kan tsarin hujja, wato lokacin da sakamakon da aka fitar bai biyo daga abin da aka gabatar ba. Idan aka ce duk 'yan kasuwa suna da waya, wannan mutum yana da waya, saboda haka ɗan kasuwa ne, to maganar "illogical" ce ko da mutumin ya kasance ɗan kasuwa a zahiri. Ba a cika cewa farashi "illogical" ba ne, domin farashi ba hujja ba ce.

"Irrational" kuwa tana nuna cewa tsoro, ko fushi, ko son zuciya ya rinjayi tunani. Shi ya sa ta fi zama da tsoro da ƙiyayya da hali, kamar "an irrational fear of injections". A nan akwai abin lura: ka ce wa mutum buƙatarsa "unreasonable" ce, ka soki buƙatar ne, amma ka ce masa shi "irrational" ne, ka taɓa hankalinsa, kuma ba kowa ne zai ci gaba da saurarenka bayan haka ba. A darasin lissafi kalmar tana da wata ma'ana dabam wadda babu suka a cikinta, domin "irrational number" lamba ce da ba a iya rubuta ta a matsayin rabon cikakkun lambobi biyu.

Daga nan sai kalmomi masu zafi, kuma asalinsu yana taimakawa ƙwarai wajen riƙe bambancinsu. "Absurd" ta fito daga kalmar Latin da ke nufin sautin da bai yi daidai da sauran ba, tana da alaƙa da kalmar da ke nufin kurma. Ana amfani da ita ga abin da ya ci karo da hankali ƙarara, har ba ya buƙatar dogon bayani, musamman inda abu ke rusa kansa da kansa, kamar a buƙaci mutum ya nuna katin shaida kafin a ba shi fom ɗin neman katin shaidar. A cikin duk kalmomi masu zafi ita ce ta fi samun karɓuwa a rubutun ilimi, kuma masana mantiƙi suna da tsohuwar hanyar rushe magana da ake kira "reductio ad absurdum", inda ake bin maganar abokin muhawara har a nuna ta kai ga abin da ba zai yiwu ba.

"Ridiculous" ta fito daga kalmar Latin ta dariya, kuma dariyar da ke cikinta ta raini ce. Ita ce ta fi yawo a bakin mutane a maganar yau da kullum, inda sau da yawa haushi take nunawa fiye da dariya: wanda ya yi awa uku a layin banki zai ce "This is ridiculous" ba tare da ya yi murmushi ba. "Ludicrous", wadda asalinta kalmar wasa ce, ta fi ta ƙarfi kuma ta fi zama a rubuce, tana yawan tafiya da adadin kuɗi ko shawara da ta yi nisa da gaskiya har ta zama kamar wasan yara, kamar "a ludicrous sum". "Preposterous" an gina ta daga kalmomin Latin biyu, ɗaya na nufin gaba ɗaya na nufin baya, wato abin da aka juya gabansa ya koma baya. Kalma ce mai girman murya, wadda ake ji a bakin wanda ake zargi yana musanta zargi, ko ɗan majalisa yana watsi da wata da'awa, kuma ta fi zama da zargi, da'awa, shawara da ra'ayi. Ina ganin mai koyo ya yi tsimin ta, domin idan aka sa ta a ƙaramin lamari, kamar ƙarin kuɗin mota na naira 50, sai ta fi lamarin nauyi.

"Outrageous" ta bambanta da waɗannan domin fushi ne a cikinta, da ganin cewa an ƙetare iyakar mutunci. Mutane da yawa suna zaton daga "out" da "rage" aka haɗa ta, amma daga tsohon Faransanci ta zo, daga kalmar da ke nufin wuce iyaka. Abin da ya ba ka dariyar raini "ridiculous" ne, abin da ya sa ranka ya ɓaci saboda an cuci wani "outrageous" ne, kamar asibiti ya ƙi duba mai haɗari sai an kawo kuɗi. Saura uku da za a ambata a gurguje: "laughable" ga abin da ya yi ƙanƙanta ko rauni har ba za a ɗauke shi da muhimmanci ba, kamar tayin da bai kai rabin kuɗin kaya ba, "farcical" ga taro ko shari'a ko zaɓe da aka gudanar cikin rikicewa har ya zama kamar wasan kwaikwayo, sai "nonsensical" ga maganar da ba a iya fitar da ma'ana daga cikinta.

Mataki na uku: idan baƙunta ce, ka auna nisanta da abin da ta sa ka ji

A gida na biyu tambayar farko ita ce nawa ne nisan abin daga abin da aka saba. "Unusual" ita ce mafi kusa kuma mafi tsabta, domin ba ta yabo ba ta suka, tana cewa kawai ba kasafai ake ganin haka ba. Ruwan sama a Kano a watan Janairu "unusual" ne. Har yabo tana iya zama, kamar "an unusual talent". Ita ce ta dace da rahoton aiki, da takardar likita, da duk inda ba ka son a ce ka yanke hukunci tun kafin bincike. "Strange" ita ce uwar gidan, ta zo ta hanyar Faransanci daga kalmar Latin da ke nufin abin da ya zo daga waje, kuma har yanzu tana riƙe da ma'anoni biyu: abin da ke da wuyar fahimta, kamar "a strange noise", da abin da ba ka san shi ba ko da shi kansa ba shi da wani aibu, kamar "a strange city". Mutumin da ya sauka Legas karon farko yana cikin "a strange city" ko da kuwa miliyoyin mutane a nan aka haife su.

"Odd" ta fi sauƙi, kuma ma'anarta ta asali tana bayyana a lissafi, inda "odd number" take nufin lambar da ba ta rabuwa biyu daidai, kamar 3 ko 7, kullum ɗaya na saura. Haka take a magana: abu ne da bai shiga sahun sauran ba, ya bar ɗan alamar tambaya. Idan ma'aikacin da bai taɓa makara ba ya kwana biyu bai zo ba kuma bai kira ba, abokin aikinsa zai ce "That's odd". Sai dai tana da wasu ayyuka da ba su shafi baƙunta ba, kamar "odd jobs" ga 'yan ayyukan buga-buga, da "forty-odd people" ga mutum arba'in da 'yan kai.

"Peculiar" ita ce ta fi rikita ɗalibai domin fuska biyu gare ta. Asalinta kalmar Latin ce ta dukiyar da mutum ya mallaka shi kaɗai, kuma tana da alaƙa da kalmar dabbobin kiwo, domin da dabbobi ake auna dukiya a wancan zamani. Idan ta zo da "to" a bayanta, tana riƙe da wannan tsohuwar ma'ana ta keɓanta, kuma babu baƙunta a ciki ko kaɗan. Jimlar da ake yawan gani a jaridu, "This problem is not peculiar to Nigeria", tana nufin ba Najeriya kaɗai ke da matsalar ba. Idan kuwa ta zo ita kaɗai, kamar "a peculiar smell", tana nufin baƙon abu mai ɗan rashin daɗi. Wanda ya rubuta "a peculiar student" yana nufin yabon ɗalibin da ya yi fice ya soke shi ne ba tare da ya sani ba, kalmar da yake nema ita ce "exceptional" ko "outstanding".

"Weird" a tsohon Turanci ƙaddara take nufi, kuma mayun nan uku na wasan Macbeth na Shakespeare, waɗanda ake kira "weird sisters", sun taimaka wajen karkatar da ita zuwa ga abin da ke da alaƙa da ɓoyayyen lamari. A yau kuwa ta zama kalmar hira ta matasa da shafukan sada zumunta, ana faɗin ta ga kusan duk abin da bai kwanta wa mutum ba. Ta dace da saƙon WhatsApp, amma ba ta dace da wasiƙar neman aiki ko insha'in jarrabawa ba, kuma faɗin ta a kan mutum suka ce. "Bizarre" ta fi duka nisa, ana ajiye ta ga lamarin da ya haɗa abubuwan da ba a taɓa zaton za su haɗu ba, irin wanda mai ji zai sake tambaya ko da gaske ne. Masu rubuta labarai suna son ta, kamar "a bizarre incident", kuma idan aka yi ta sa ta a kan ƙananan abubuwa sai ƙarfinta ya zube. "Outlandish", wadda da can baƙon ƙasa take nufi, yanzu ta fi zama da tufafi masu ɗaukar ido da da'awar da ta yi nisa da gaskiya, don haka tana da ƙafa ɗaya a kowane gida.

Idan mutum ake siffantawa, kalmar da ta fi mutunci ita ce "eccentric", daga Girkanci, ma'ana wanda ya kauce daga tsakiya. Ana faɗin ta ga wanda ke da ɗabi'u na kansa da ba su cutar da kowa, kamar tsohon malamin da ba ya rubutu sai da alƙalami kore kuma ba ya hawa mota duk nisan tafiya, kuma akwai haƙuri da ɗan girmamawa a cikinta. "Quirky" ta fi ta sauƙi da nuna ƙauna, amma ta hira ce. Idan kuma baƙuntar ta zo da tashin tsigar jiki, akwai kalmomi biyu da suka shigo daga Turancin Sikotilan da arewacin Ingila: "eerie" ga wuri ko shiru ko sauti mai sa fargaba, kamar kasuwar da aka saba gani cike a tarar da ita babu kowa da tsakar rana, da "uncanny" ga kamanni ko dacewa da ta yi daidai har ta ba da tsoro, kamar "an uncanny resemblance". Ita kuwa "queer", wadda ake gani a tsofaffin littattafan karatu da ma'anar baƙon abu, yanzu an fi fahimtar ta a kan masu neman jinsi ɗaya, saboda haka kada a sa ta a madadin "strange".

Akwai kuma abin da ya shafi Turancin da muke ji a tituna da ofisoshinmu. Ana cewa "The man is somehow" ko "The food tastes somehow", kuma kowa a Kano ko Legas ya gane, amma a daidaitaccen Turanci "somehow" ba sifa ba ce, mai duba takardar jarrabawa zai ja mata layi. Abin da ake nufi shi ne "odd" ko "strange". Ita kuwa "funny" tana nufin abin dariya, tana kuma nufin baƙon abu, kamar makanike ya ji "The engine is making a funny noise", don haka a rubuce gara a zaɓi wadda ba ta da harshen damo.

Mataki na huɗu: ka tuna wanda zai karanta

A ɗauki lamari ɗaya a duba shi da kyau. A ce mai gida ya aiko da takarda cewa kuɗin haya ya tashi daga naira 400,000 zuwa naira 1,200,000, a biya cikin mako biyu ko a tashi, kuma dalilin da ya rubuta shi ne tsadar ruwan famfo, alhali gidan ba shi da famfo, daga masu kura ake sayen ruwa. Ɗan haya da ya tura wa abokinsa hoton takardar zai rubuta "This is ridiculous", kuma ya yi daidai, domin huce haushi yake yi. Idan ya zauna rubuta wa mai gidan amsa, abin da yake nema shi ne a sassauta, don haka zai rubuta: "I consider a threefold increase at two weeks' notice unreasonable, and I ask you to reconsider it." Wannan jimla ta soki ƙarin ba tare da ta raina dattijon ba, kuma idan maganar ta kai gaban lauya ko kotu, ba zai ji kunyar a karanta ta ba. Idan yana son ya taɓa dalilin da aka bayar, nan ne "absurd" ta dace, domin dalilin ya rusa kansa: "It is absurd to charge for tap water in a house that has no tap." Ko a nan ma ina ba da shawarar ya ajiye wannan jimla ga lauyansa, ya rubuta wa mai gida cewa gidan ba shi da famfo kawai, domin gaskiyar da kanta ta isa. Marubucin jarida da ke sharhi a kan halin da 'yan haya ke ciki zai iya cewa "outrageous". Ita kuwa "strange" wurinta ɗaya ne a wannan labari, wato idan mai gidan mutum ne da ya saba kiran ɗan hayarsa su yi magana baki da baki, sai ga takarda ba sallama: "It is strange that he did not call first."

Lamarin bai canja ba, amma kowace kalma ta kama wani ɓangare nasa dabam, kuma kowacce tana da wanda ya dace a faɗa wa. Ga shugaba a wurin aiki, ko malami, ko hukuma, a tsaya a kan "unreasonable", "unusual" da "illogical", sannan a ɗora sifar a kan shawara ko wa'adi ko farashi, kada a ɗora ta a kan mutumin.

Mataki na biyar: ka duba abokan tafiyar kalmar

Ko an zaɓi sifar da ta dace, ana iya ɓata ta da kalmar da aka sa a gabanta. Sifofi masu sauƙi suna karɓar ƙari da ragi, shi ya sa ake cewa "very strange", "rather odd", "a bit weird", "highly unusual". Masu zafi kuwa sun riga sun kai ƙarshe, don haka suna neman kalmar da ke nuna cikawa: "utterly absurd", "absolutely ridiculous", "patently absurd", "wholly unreasonable", "truly bizarre". Wanda ya rubuta "very preposterous" za a gane shi, amma kunnen mai harshen zai ji wani iri. Wajen kwatanta abu biyu, gajerun suna ɗaukar ɗafi, a ce "odder" da "weirder" da "stranger", dogayen kuwa sai da "more", a ce "more absurd". Haka ma ginin jimla yana da hanyoyinsa da aka saba: "It is unreasonable to expect...", "It was unreasonable of them to...", "It is strange that...", da kuma "oddly enough" ko "strangely enough" a farkon jimla idan za a kawo abin mamaki. A lura kuma cewa a hira "ridiculously" takan zama kalmar ƙarfafawa kawai, har a ce "ridiculously cheap" ga kayan da aka ji daɗin arahar su.

Mataki na shida: ka gwada kafin ka aika

Ƙamus na masu koyo ya fi ƙamus na tara kalmomi amfani a wannan aiki, domin yana kawo jimlolin misali kuma yana nuna ko kalma ta hira ce ko ta rubutu. Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda ya samo asali daga aikin A. S. Hornby kuma kamfanin Oxford ya fara buga shi a 1948, da ƙamusun Longman da na Cambridge, duk ana iya duba su kyauta a intanet. Ka karanta misalan tukuna kafin ma'anar, ka ga ko sunan da kake son siffantawa ya yi kama da waɗanda suka kawo. Wanda yake son ya zurfafa zai iya shiga taskokin jimloli na gaske, kamar British National Corpus mai kalmomi miliyan 100, ko COCA na Turancin Amurka mai kalmomi kusan biliyan 1, ko ya sa "utterly absurd" da "very absurd" a shafin Google Ngram Viewer ya ga wacce ta fi yawa a littattafai.

Gwajin da ba ya buƙatar intanet shi ne ka ƙara "because" a bayan jimlarka ka cike ta. Idan abin da ya biyo baya shi ne ba wanda zai iya cika wannan sharaɗi, kalmarka "unreasonable" ce. Idan shi ne maganar ta ci karo da kanta, "absurd" ce. Idan shi ne ban taɓa ganin haka ba, ka koma gida na biyu. Wannan gwaji yana aiki a tambayoyin JAMB da WAEC na neman kalma mafi kusa a ma'ana. A ce an kawo "His claim that he could build the bridge in two days was preposterous", aka ba da zaɓi tsakanin "unusual", "absurd", "peculiar" da "eerie". Dalilin da zai biyo bayan jimlar shi ne gada ba ta ginuwa a kwana biyu, wato hujja ce ake da ita a kan da'awar, don haka uku daga cikin zaɓin sun faɗi tun a mataki na farko saboda na gidan baƙunta ne, sai "absurd" ta rage.

Kafin ka miƙa takarda, ka sake duba rubutun haruffan, domin uku daga cikin waɗannan kalmomi suna yawan zamewa: "weird" tana da "e" kafin "i", "ridiculous" tana farawa da "ri" ba "re" ba, "bizarre" kuwa "z" ɗaya gare ta da "r" biyu, kuma dabam take da "bazaar" wadda ke nufin kasuwa.